Taga a Buɗe, Ƙofa a Kulle: Abin da Muka Gani a Fim ɗin Khady Sylla



Mun san wasu za su yi mamakin ganin zancen fim a wannan takarda da aka saba karanta fiƙihu da tarihin magabata a cikinta. Ga yadda abin ya faru. Wani ɗalibinmu na ajin manya ne ya tsaya bayan sallar isha'i da kwamfuta a hannunsa, ya ce: "Malam, don Allah ku kalli wannan, ku gaya mini ko ba gidanmu aka ɗauka ba." Muka zauna mu biyar muka kalla. Da aka gama an daɗe ba wanda ya ce uffan, domin kowannenmu ya tuna wata ƙofa da ya sani a nan New Bell, wadda ake kullewa ta waje.

Sunan fim ɗin Une fenêtre ouverte, wato taga a buɗe. Ya fito a 2005, tsawonsa minti 52, ya kuma samu kyauta a bikin finafinan gaskiya na birnin Marseille a Faransa. Wadda ta shirya shi Khady Sylla ce, marubuciya 'yar Dakar ta ƙasar Senegal, an haife ta a 1963, ta rasu a 2013, Allah Ya jiƙanta. A 1994 ciwon taɓin hankali ya kama ta. A cikin wannan hali ta haɗu da wata mata da ita ma ciwon ya kama, wadda a lokacin take yawonta a titi ba ta shakkar kowa. Suka ƙulla ƙawance. Bayan shekaru sai Khady ta ɗauki kyamara ta je gidan su ƙawar tata, ta tarar da ita a tsakar gida tare da mahaifiyarta da 'yarta, ba a barinta ta fita yadda take so. Fim ɗin ke nan. Sunan matar yana ciki, amma mu ba za mu ambace shi ba, za ku ga dalili a gaba.

Wanda ya saba da finafinan Kano zai ce wannan ai ba fim ba ne. Babu jarumi, babu mugu, babu biki a ƙarshe. Wani lokaci fuskar Khady ce kawai ta cika allo tana kallonmu ido cikin ido tana magana. Sai a yanke, ga mu a tsakar gida ana hira, hirar ta tsinke, a yi shiru mai tsawo. Ɗaya daga cikinmu ya ce ko dai ba ta iya haɗa labari ba ne. Mu kam mun ga da gangan ta yi. Tun da farko ta kwatanta kanta da mai duba fuskarsa a fasasshen madubi. To, wanda yake ganin kansa gutsuttsure, ta yaya zai ba ka labari mai kai da gindi? Da ta jera mana shi tsaf, da mun ji daɗin kallo mun tashi mun manta. Ta bar shi a farfashe don mu ɗanɗana, ko na sa'a guda, wahalar da mai wannan ciwo yake sha wajen haɗa jiya da yau.

Sunan fim ɗin ma abin tsayawa ne a kai. Muna zaton mai lafiya ne zai zama taga ga marar lafiya. Khady ta ce a'a: a shekarun da duniya ta yi mata duhu, wannan mata da jama'a suke kira mahaukaciya ita ce tagar da take leƙa duniya ta cikinta. Ka ji fa. Wadda yara za su bi da jifa ita ce ta riƙe wata baiwar Allah da rai. Daga baya kuma abin ya juya, tagar ce aka rufe a gida, Khady ta zo daga waje tana neman buɗe mata.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi a ganinmu shi ne bai mayar da uwar azzaluma ba. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo ya san tsoronta. Idan ta fita ta ɓace fa? Idan mota ta buge ta, ko 'yan iska suka tare ta? A nan Duwala sai mu ƙara da babura da kwatocin da suke cika da damina. Saboda haka ƙauna ce ta ɗauki makulli. Amma wadda aka kulle ba ƙaunar take gani ba, bango take gani. Kowa a gidan yana da gaskiyarsa, kowa kuma ya gaji, har da 'yar da ta tashi tana lura da uwar da ya kamata ta lura da ita. Haka gida yake lalacewa ba tare da an samu mugu ko ɗaya a cikinsa ba.

Sai dai muna da abin cewa a kan fim ɗin. Na farko, kyamara tana hannun ɗaya, ɗayar kuma ita ake kallo. Khady ta zaɓi ta buɗe cikinta, haƙƙinta ne. Ƙawarta fa? Yardar wanda hankalinsa yake zuwa yana tafiya abu ce mai wuyar aunawa, kuma shari'a ba ta ɗora wa wanda hankalinsa ya gushe nauyi ba, ballantana a ce ya sa hannu duniya ta kalle shi. Mu tuna matar nan mai farfaɗiya da Buhari da Muslim suka ruwaito labarinta daga Ibn Abbas: ta zaɓi haƙuri da ciwon, amma ta roƙi Annabi (SAW) ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuma yi mata. Ciwonta daban ne, darasin ɗaya ne: marar lafiya yana da haƙƙin sutura. Abin da ya sassauta mana shi ne Khady ba ta laɓe a bayan kyamara ba, ta fara tsayawa a gabanta da nata ciwon. Duk da haka tambayar tana nan, shi ya sa muka ɓoye sunan. Masu ɗaukar marasa lafiya a bakin Kasuwar Kongo da waya suna watsawa a WhatsApp don dariya kuwa, su ba su da ko wannan uzurin.

Na biyu, fim ɗin ya nuna ciwo, bai tsaya nuna hanyar magani ba. Mai kallo zai iya tashi da zaton abu biyu ne kawai: titi ko kulle. Alhali a Dakar ɗin nan, a asibitin Fann, likita Henri Collomb da abokan aikinsa sun kafa tsarin da wani ɗan uwa yake zama tare da majinyaci, ana kuma taruwa a tattauna da marasa lafiya kamar zaman dandali. A Aro ta Abeokuta, likita Thomas Lambo ya fara a 1954 sauke majinyata da danginsu a gidajen mutanen ƙauye ana yi musu magani. Mu ma muna da gadonmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, ya ce shi na biyun daga jiki yake, yana buƙatar magani. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. To, ina muka samo cewa zuwa wajen likita raunin imani ne?

Ba mu hana ruƙiyya ta shari'a ba, addu'a makamin mumini ce. Abin da muke ƙi shi ne duk wanda ya daina barci ko ya fara surutai a ce aljanu ne, a tsaya nan, a shekara ana hayaƙi. Mun kuma ji abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum fiye da 300 a tsare, da yawansu da mari a ƙafa, iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da sunan gyara. Duka da sarƙa ba magani ba ne. Asibitin Laquintinie da yake Akwa yana da sashen masu wannan ciwo, na Jamot a Yawunde ma haka. A yi addu'a, a kuma hau mota a je.

Abin da muka ɗauka daga fim ɗin shi ne bambanci tsakanin sutura da ɓoyewa. Sutura don mutuncin marar lafiya ake yinta. Ɓoyewa kuwa don mutuncinmu ne, kada a ce gidan wane akwai hauka, kada 'yan matan gidan su rasa masu neman aure. Kowa ya tambayi zuciyarsa wanne yake yi. Mu kuma maƙwabta, yaushe rabon da mu je gaida mai irin wannan ciwo kamar yadda muke zuwa duba mai zazzaɓi ko karaya? Uwar da take jinya ita kaɗai, wa ya taɓa karɓarta na yini ɗaya ta je ta huta?

Fim ɗin na manya ne, akwai maganganu masu nauyi na ƙuncin rai, kada a kunna wa yara. Wanda zai kalla ya kalla da wani, su tattauna bayan nan.

Ɗalibin namu ya ce yayarsa ta shekara uku ba ta taka bakin ƙofa ba. Mun yi magana da mahaifinsu, ya saurare mu, ya ce zai yi shawara. Har yanzu bai ba mu amsa ba. Kafin nan, biyu daga cikin malamanmu mata sun fara zuwa gaishe ta duk ranar Juma'a da la'asar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Wassalamu alaikum.