Gollum Tsakanin Littafi da Fim: Ina Aka Kai Laifin Sam?

A wannan takarda muna son mu duba yadda mugu yakan zama abin tausayi a labaran almara. Za mu tsaya ne a kan Gollum na littafin The Lord of the Rings, wanda J.R.R. Tolkien, Baturen Ingila, ya fitar a 1954 da 1955. Asalin sunan Gollum Sméagol. Ya shaƙe abokinsa Déagol domin ya mallaki wani zoben tsafi, zoben kuwa ya shekara kusan 500 a hannunsa, ya cinye masa hankali da kamanni. Daga baya shi ne ya zama ɗan jagoran Frodo da baransa Sam, waɗanda suka nufi dutsen wuta domin su halaka zoben.

A ganinmu, inda marubucin ya gwada gwaninta shi ne a matakalar dutsen Cirith Ungol. Gollum ya riga ya ƙulla zai kai su bakin Shelob, wata ƙatuwar gizo-gizo, sai ya komo ya iske su suna barci. Jikinsa ya yi sanyi, ya miƙa hannu ya shafi gwiwar Frodo, saura ƙiris ya tuba. Sam ya farka ya yi masa kakkausar magana, shi ke nan ƙofar tuba ta rufe. Wato mutumin kirki, mai biyayya ga maigidansa, yana da hannu a lalacewar mugu. Tolkien da kansa, a wata wasiƙa ta 1963, ya ce watakila nan ne wuri mafi ban takaici a labarin duka.

To, da Peter Jackson ya mai da labarin fim (2001 zuwa 2003), sai ya tsallake wannan wuri. Gaskiya ne ɗan wasa Andy Serkis ya ba Gollum murya da motsi masu sosa zuciya, musamman inda yake gardama da kansa, kuma ba mu ƙi yaba masa ba. Amma a kan matakalar nan fim ya ƙago wani abu dabam: Gollum ya zubar da guzurinsu, ya barbaɗa wa Sam ɓurɓushin a riga, har Frodo ya yarda Sam ne ya cinye, ya kore shi. Da haka aka wanke Sam tas, ya koma wanda aka yi wa ƙazafi. Mai kallo yana tausayin Gollum saboda ramarsa da manyan idanunsa, amma ba a nuna masa lokacin da wata kalma mai taushi daga bakin Sam za ta iya juya shi ba.