Wa Ya Biya Bashin? Sakayya a Cikin Ƙagaggun Labarai Uku da Muka Karanta Bana

A wannan zangon karatu littattafai uku ne suka fi zagayawa a hannunmu, mu ɗaliban wannan sashe da wasu daga cikin malamanmu: Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ba da wani shiri muka zaɓe su ba. A nan Kudu littafin Hausa ba abu ne da ake tsinta a kowane shago ba, abin da wani ya zo da shi daga hutu shi ake karantawa, kuma kafin kwafi ɗaya ya gama zagaya ajin, bangonsa ya rabu da shi. Sai da muka kammala su muka lura cewa dukkansu karin magana ne sunayensu, kuma duk karin maganar abu guda suke yi wa mai karatu alkawari, wato wanda ya shuka sharri zai girbe shi.

Saboda haka idan aka tambayi ɗalibi jigon kowanne, yakan amsa da kalma ɗaya, sakayya, ya ɗauka ya gama nazari. A tamu fahimtar daga nan ne nazarin ya kamata ya fara. Tambayar da muka yi wa littattafan ita ce: da sakayyar ta zo, a kan wa ta sauka, kuma wa ya ɗauki nauyinta?

Jiki Magayi shi ne dattijo a cikinsu. Yana cikin rukunin littattafan farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta samar bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Ya bambanta da 'yan'uwansa domin ya sauko da labari cikin gida, kan kuɗi da aure. Abubakar da Zainabu suna son juna, sai attajiri Malam Shaihu, wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya sa dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama, ya sha wuya iyakar wuya, ya samu. To amma asirin bai faɗa kan attajirin kai tsaye ba. Ɗan da Zainabu ta haifa, Kyauta, shi aka lalata ya zama ɓarawo, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai san shi ne ba.

A nan ne muka yi saɓani a tsakaninmu. Wasu suka ce adalci ya tabbata, tunda Malam Shaihu ya ɗanɗana baƙin cikin da ya ɗanɗana wa wani, shi ma Abubakar bai ci ribar ramuwarsa ba. Mu kuwa abin da ya tsaya mana a rai shi ne Kyauta. Ba a haife shi ba lokacin da aka yi laifin, amma shi ne ya tashi da baƙin jini, shi ne kuma ya wayi gari da jinin uba a hannunsa. Marubutan ba su ɓoye wannan ba, kuma a ganinmu ƙarfin littafin ke nan, duk da ƙanƙantarsa. Rauninsa Zainabu ce. A kanta aka yi rigimar, amma mai karatu bai cika jin abin da ke zuciyarta ba. An mai da ita kamar gonar da maza biyu ke jayayya a kan iyakarta.

Ƙarshen Alewa Ƙasa kuwa ba za mu daɗe a kansa ba, ko da yake ya fi sauran kauri nesa ba kusa ba. Kamfanin NNPC ya buga shi a 1982, cikin littattafan da gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta fitar, irin su Turmin Danya da Tsumangiyar Kan Hanya. Tauraronsa Mailoma ɗan Maguzawa ne da ya ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya fito da sanin makami da ƙeƙasasshiyar zuciya, ya tara 'yan ta'adda, ya shiga harkar miyagun ƙwayoyi da kisan kai. Dole a yaba wa Bature Gagare, domin ya taɓo tambayar da marubutan zamaninsa suka kauce wa, wato ina mutumin da aka koya wa kisa zai nufa bayan an ajiye bindiga. Harshensa ma yana da zafi da gudu. Sai dai mun lura alƙalaminsa ya fi kuzari a wuraren da Mailoma ke cin karensa ba babbaka. Halakar da ta zo masa a ƙarshe ta cika alkawarin sunan littafin, amma ba ta goge sha'awar da aka riga aka dasa wa mai karatu ba. Da yawa daga cikin samarin ajinmu sun rufe littafin suna yaba jarumtar Mailoma, ba wanda ya tuna sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya kashe.

Littafin da ya fi tayar da ƙura shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Yana cikin rukunin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, rukunin da masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta muhawara a kan darajarsa a jaridu cikin shekarun 1990. Wasunmu sun ɗauke shi da raini tun kafin su buɗe, wai littafin matan aure ne. Waɗannan su ne suka fi daɗewa da kwafin a ɗakunansu.

Labarin sananne ne a kowace unguwa. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri a Kano, amma cefanen gidansa sai an yi da gaske. Matarsa Rabi tana fama da 'ya'ya tara. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a zaman bariki, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Abin da ya ɗaga darajar littafin a idonmu shi ne abin da marubuciyar ta yi da Rabi bayan korar. Ba ta bar ta tana kuka a ɗakin iyaye ba. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe karatun yara, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mai hali. Marubuciyar ta san farashin abubuwa, ta san yadda ake ƙulla kuɗin makaranta daga ribar tukunya, ta san irin maganar da dangin miji kan yi da wadda dangin mata kan mayar. Wannan sanin ne babu shi a Jiki Magayi, inda mace ba ta da baki.

Sannan sai kuykuyon ya biyo ubangidansa. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, ya dawo ba shi da ko anini. In da a nan aka tsaya, da mun ce littafin wa'azi ne kawai, kuma da mun yi ƙorafi cewa gobarar ta zo a kan kari fiye da kima, kamar marubuciyar ce ta ƙyasta ashanar da hannunta. Wannan ƙorafin har yanzu muna da shi. Amma ba a tsaya nan ba. Maza na dangi suka taru a kan Rabi ta koma wa mijin da ya wulaƙanta ta, ta koma ba da son ranta ba. Ma'ana, matar da ta gina kanta daga babu ita ce za ta ciyar da wanda ya rushe ta.

Wata ɗaliba a cikinmu ta ce wannan ƙarshe ya ci amanar Rabi, kuma marubuciyar ta ji tsoron al'umma ne. Mun fahimci fushinta, amma ba mu bi ra'ayinta ba. Da an bar Rabi ta yi zamanta cikin daula, da mai karatu ya rufe littafin da sanyin zuciya, ya manta. Yadda aka ƙare shi, an nuna cewa ko horon da Allah ya yi wa namiji azzalumi, a gidan mace ake sauke kayansa. Sunan littafin ya yi maganar alhakin Alhaji Abdu, amma shafukan ƙarshe suna tuhumar waɗanda suka zauna suka yanke wa Rabi hukunci, alhali ba a gansu da wannan himma ba ranar da aka kore ta. Ba mamaki da shi aka zaɓa aka fassara zuwa Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal da wani kamfani a Indiya ya buga a 2012.

Dalilin kawo wannan sharhi a mujallar ƙirƙira shi ne abin da muke gani a gajerun labaran da ɗalibai ke rubutawa. Da zarar mugu ya gama muguntarsa, sai a haɗa shi da haɗarin mota a hanyar Kaduna, ko hauka, ko gobara, a rufe da karin magana. Motar ba ta da direba, direban ba shi da iyali, matar mugun ba a san inda ta kwana ba a daren. Waɗannan mutanen da ake tsallakewa su ne Kyauta da Rabi, kuma su ne muka ci gaba da gardama a kansu makonni bayan an mayar wa masu littattafan kayansu. Littafin da ke layi yanzu shi ne Wa Zai Auri Jahila?, kwafi ɗaya ne tak, kuma mutum shida ke jiransa.