Ƙa'idar Shimfiɗa da Kwantaccen Ciki: Sharhi a kan Tabbatar da Nasaba a Fagge da Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

 Wannan takarda sharhi ce a kan hanyoyin da shari'a take bi wajen tabbatar wa yaro da uba. Na ɗauki Fagge da Sabon Gari a matsayin fagen nazari domin ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa su, ciniki ya haɗa su, auratayya ma takan haɗa su, amma da zarar rigimar ɗa ta tashi sai kowa ya nufi kotu dabam. Abin da nake son in nuna shi ne, iyakar shekara biyar da muka gada a kan daɗewar ciki tana bukatar gyara, kuma gyaran zai zama ɓarna muddin aka yi shi ba tare da an taɓa dokar da ke ɗaukar ciki a matsayin shaidar zina ba.

2.0 Unguwa biyu, doka biyu

Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa, kuma yawancin mutanenta Musulmi ne masu bin mazhabar Malikiyya. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka ta a wajajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun daga wancan lokaci aka saba da cewa kowane ɓangare da dokarsa.

Wanda ya yi aure bisa dokar aure ta tarayya, Babbar Kotu ce ke jin ƙararsa. A can sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren alhali uwar ba ta sake aure ba, kotu za ta ɗauka ɗan mijin ne. Musulmin da ya yi aure bisa shari'a kuwa kotun shari'a zai je, ɗaukaka ƙararsa kuma ta tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kamar yadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsara. Sashe na 256 na Dokar Shaida bai ɗora wa wannan kotu bin dokar a ƙararrakin da ba na laifi ba, don haka Risala da Muhtasar da Tuhufa ne abin dogaronta.

Alal misali, mu ƙaddara mata biyu aka saka rana ɗaya, ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Fagge, kowacce ta haihu bayan wata goma sha huɗu ba ta sake aure ba. Ta Sabon Gari ta wuce kwana 280, sai ta kawo wata hujja kafin a ba ɗanta uba. Ta Fagge kuwa ɗanta na tsohon mijinta ne, matuƙar ba ta riga ta yi iƙirarin cikar idda ta hanyar da za ta kore cikin ba, shi kuma bai kore shi da li'ani ba.

3.0 Ƙa'idar shimfiɗa

Asalin hukunci a Musulunci shi ne ɗa na mai shimfiɗa ne, watau mijin da aka haife shi a ƙarƙashin aurensa. Mafi ƙarancin lokacin ciki wata shida ne. Malamai sun fitar da wannan ta hanyar haɗa aya ta 15 a Suratul Ahƙafi, wadda ta sa ciki da yaye wata talatin, da aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta sa shayarwa shekara biyu. Mijin da ya ce ɗa ba nasa ba ne ba shi da mafita sai li'ani, rantsuwar da ayoyi na 6 zuwa 9 na Suratun Nuri suka tsara. Malikiyya sun ƙara tsananta masa: idan ya ga cikin ko haihuwar ya yi shiru ba tare da uzuri ba, damarsa ta wuce.

Wannan ƙa'ida abin yabo ce, kuma hikimarta a fili take. Ta ɗora nauyin hujja a kan namiji, ta hana shi zubar da ɗa don ya yi fushi da uwar. Kotunan Turawa ma sun yi fama da al'adun da suka wuce gona da iri a wannan fage. A ƙarar Edet da Essien ta 1932 kotu ta ƙi ba wani mutum 'ya'yan da matar ta haifa wa wani, duk da cewa ba a mayar masa da kuɗin aurensa ba. A ƙarar Mariyama da Sadiku Ejo ta 1961 Babbar Kotun Jihar Arewa ta ƙi zartar da al'adar Igbira mai ba tsohon miji ɗan da aka haifa cikin wata goma da saki, domin shaida ta nuna ba zai yiwu yarinyar ta zama tasa ba. Darasin waɗannan hukunce-hukunce shi ne, zato na shari'a yana da ƙarfi ne gwargwadon yiwuwarsa.

4.0 Kwantaccen ciki da hukuncin Katsina

A nan ne gizo yake saƙa. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya yanke mafi tsawon lokacin ciki. Shi ya sa malamai suka saɓa: Hanafiyya shekara biyu, Shafi'iyya da Hambaliyya shekara huɗu, Malikiyya huɗu ko biyar, Zahiriyya wata tara. A cikin Malikiyya kanta, Muhammadu ɗan Abdulhakam na Masar ya tsaya a kan shekara ɗaya. Dogaron masu tsawaitawa labarin mata ne na zamaninsu, irin wanda aka ruwaito daga Imamu Malik game da matar Muhammadu ɗan Ajlan. Ijtihadi ne da aka gina a kan ilmin likitanci na lokacin. Bahaushe ya karɓe shi hannu biyu domin ya dace da abin da ya riga ya yarda da shi, cewa ciki yakan kwanta ya kuma tashi. Likitanci na yau ya tabbatar da cewa ciki wajen mako 40 ne, kuma wanda ya haura mako 42 yana cikin haɗari.

Shari'ar Amina Lawal ce ta fito da mas'alar idon duniya. Kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa a watan Maris 2002, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta na shekarar. Mutumin da ta ambata ya musa, ya yi rantsuwa, aka sallame shi. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta soke hukuncin. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba ta kai shekara biyar da rabuwa da mijinta ba, saboda haka cikin yana iya zama nasa.

A ganina kotun ta yi daidai a fuskar haddi, domin shari'a ta yi umurni da a tunkuɗe haddi da shubuha, kuma ceton rai ya fi komai. Inda hukuncin ya bar baya da ƙura shi ne fuskar nasaba. Tuhumar laifi ce a gaban kotun, ba ƙarar uba ba, don haka tambayar wa zai ciyar da yarinyar, wa za ta gada, wa zai zama waliyyinta ranar aure, ta rage a buɗe. Idan aka ɗauki wannan dalili aka shigar da shi rabon gado a Fagge, sai a tarar ɗan da aka haifa shekara huɗu bayan rasuwar mai gida yana iya rage wa marayu kasonsu. Idan kuma aka soke dalilin kai tsaye, to a Malikiyya bayyanar ciki ga mace marar miji shaida ce ta zina, saɓanin ra'ayin sauran mazhabobi uku, kuma Kano ta mayar da dokar laifuka ta shari'a tun shekarar 2000. Ke nan kwantaccen ciki shi ne garkuwar bazawara. Mai son cire garkuwar sai ya fara sauke takobin.

5.0 Gwajin asibiti

Tun da Alec Jeffreys ya gano gwajin ƙwayar halitta, wanda aka fi sani da DNA, a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, wasu suke ganin an gama magana. Sashe na 63 na Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ya ba kotu ikon yin umurni da irin wannan gwaji. To amma wa yake neman gwajin? Sau da yawa miji ne mai zargi, mai kuɗin biya, wanda yake son ya kuɓuta daga ciyarwa bayan yaro ya girma yana kiransa baba. Saboda haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 16 a Makka cikin Janairu 2002, ta hana a yi amfani da gwajin don kore tabbatacciyar nasaba ko a gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma halatta shi inda ake jayayya a kan yaron da ba a san nasabarsa ba, ko aka cuɗanya jarirai a asibiti, ko yara suka ɓace a yaƙi. Wannan yana da tushe a ƙiyafa, watau duban kama, wadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi farin ciki da ita a kan Usamatu ɗan Zaidu, ko da yake mashahurin zancen Malikiyya ya taƙaita ta ga 'ya'yan kuyangi.

Maroko, ƙasar Malikiyya, ta nuna cewa gyara mai yiwuwa ne daga cikin gida. Dokar iyalinta ta 2004 ta sa mafi ƙarancin ciki wata shida, mafi tsawonsa shekara ɗaya daga ranar rabuwa, ta kuma yarda da binciken ƙwararru bisa umurnin kotu. Kano ma ba baƙuwar gwajin asibiti ba ce a sha'anin aure, tun da dokar 2024 ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure.

Saura mas'alar ɗan da aka haifa ba a cikin aure ba. A al'adar Yarbawa, waɗanda suke da yawa a Sabon Gari, amincewar uba ta isa ta ba shi gado, kamar yadda aka hukunta a ƙarar Alake da Pratt ta 1955. Sashe na 42 na Tsarin Mulki ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Jumhurun malamai ba su jingina irin wannan ɗa ga namijin, amma Ishaƙa ɗan Rahawaihi da Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta idan uwar ba ta da miji kuma namijin ya amsa. Ya kamata malamanmu su duba wannan zance da idon basira, ko da a kan ciyarwa kawai.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, ina ba da shawara uku. Na farko, a rubuta dokar iyali a Kano wadda za ta ɗauki zancen Ibnu Abdulhakam na shekara ɗaya a kan gado da ciyarwa. Na biyu, a cikin wannan doka, ko tare da ita, a koma ga ra'ayin jumhuru cewa ciki kaɗai bai isa hujjar haddi ba. Na uku, a ba alƙali ikon neman gwaji domin samar wa yaro uba, a hana miji yin amfani da shi wajen kore ɗan shimfiɗarsa. Yaron da ake jayayya a kansa, na Fagge ne ko na Sabon Gari, shi kaɗai ne ba a tambayarsa a zauren kotu, alhali shi zai rayu da hukuncin. Allah ya sa mu dace.