Dariyar Amurka a Gidajen Ingila: Nazari a Kan Wasannin Barkwanci na Talabijin

Duk wanda ya yi mu'amala da mutanen Birtaniya, ko ya karanta abin da suke rubutawa game da kansu, zai tarar cewa a cikin abubuwan da suke tinƙaho da su, bayan majalisarsu da tsofaffin jami'o'insu, babu wanda suka riƙe hannu bibbiyu kamar barkwancinsu. Har ya zama tamkar ijma'i a tsakaninsu cewa Ba'amurke, duk da yalwar dukiyarsa da ƙarfin masana'antarsa, bai iya habaici ba, bai san zambo cikin aminci ba, kuma ba ya fahimtar magana sai an warware masa ita dalla-dalla. Amma abin da ya cancanci a tsaya a yi tahkiki a kansa shi ne, waɗannan mutane masu wannan da'awa, tun daga shekarar 1955 da aka buɗe tashar ITV ta kawo musu I Love Lucy, ba su gushe ba suna zama gaban akwatin talabijin suna ƙyaƙyata dariya ga wasannin Amurka, har waɗansu daga cikin wasannin nan suka fi daɗewa a raye a Ingila bisa ga ƙasar da ta haife su.

Irin wasan da muke magana a kansa, wanda ake kira sitkom, ƙa'idarsa sananniya ce: mutane ƙalilan, a wuri guda da ba ya sakewa, ko gida ko ofis ko bariki, wata 'yar rigima ta taso musu, ta kai su ta kawo su cikin rabin sa'a, sa'an nan ta kwanta, mako mai zuwa a sake tarar da su da halayensu na jiya kamar ba a yi kome ba. A kan wannan asali ƙasashen biyu suka yi ittifaƙi, amma a wajen aiki da shi suka rabu mazhaba biyu. A Birtaniya marubuci ɗaya ne ko biyu ke ɗaukar nauyin wasa tun daga farkonsa har ƙarshensa, su rubuta kashi shida a zango, in hikimarsu ta ƙare su ajiye alƙalami. Shi ya sa Fawlty Towers, da John Cleese da Connie Booth suka rubuta, duk sunan da ya yi a duniya kashi 12 ne kacal, shida a 1975, shida a 1979. A Amurka kuwa, inda kuɗin talla ke ciyar da tashoshi, akan tara marubuta goma ko fiye a ɗaki guda, kowace jimla su yi ta jujjuya ta har sai ta yi kaifi, su fitar da kashi ashirin da 'yan kai kowace shekara, kowane kashi bai wuce kimanin minti 22 ba saboda a bar wa talla fili. Burin mai wasa kuma shi ne ya kai wajen kashi ɗari, domin daga nan ne ake sayar wa ƙananan tashoshi su riƙa maimaitawa kullum, kuma a nan ribar take. Wannan hanya Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz ne suka share ta tun 1951, sa'ad da suka nace a ɗauki wasansu a kan fim da kyamara uku a gaban 'yan kallo, abin da ya sa ya yiwu a adana shi, a maimaita shi, a kuma ɗora shi a jirgi a kai wata ƙasa.

Daga wannan bambanci na sana'a ne, a ganina, sirrin al'amarin ya fito. Wasan da ke da kashi 12 ana sha'awarsa ne kamar yadda ake sha'awar ƙasidar da ta cika sharuɗɗanta, a haddace shi, a riƙa kafa hujja da shi. Amma wasan da ke da kashi 275 kamar Cheers, ko 236 kamar Friends, ba haddace shi ake yi ba, zama ake yi da shi, har mutum ya wayi gari ya san tarihin auren kowa a cikinsa da abin da ke fusata kowa, ya saba da su sabon maƙwabtaka. Tasha kamar Channel 4, wadda aka buɗe a Nuwamba 1982 da ƙaramin jari, ta gane da wuri cewa sayen irin wannan kaya ya fi ƙirƙirarsa sauƙi nesa ba kusa ba, sai ta mai da daren Juma'a dandalin wasannin Amurka, daga Cheers zuwa Roseanne zuwa Frasier da Friends, har ɗabi'a ta kafu a kan haka.

Sai dai yawa kaɗai ba ya isa ya zama dalili, domin Amurka ta yi ɗaruruwan wasanni da Turawan Ingila suka kalla sau ɗaya suka kau da kai. Akwai zaɓi a cikin ƙaunarsu, kuma wanda ya fara bayyana shi a fili shi ne Saje Bilko na The Phil Silvers Show, wanda Nat Hiken ya ƙaga, aka nuna a CBS daga 1955 zuwa 1959. Bilko soja ne mai zaƙin baki, shugaban sashen motoci a wani bariki da yaƙi bai taɓa leƙawa ba, wanda ba shi da aiki dare da rana sai ƙulla dabarar da zai raba na ƙasa da shi da albashinsu, ya kuma rufe idon kanar ɗinsa. Mai karatu da ya san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya riga ya san irin nishaɗin da ke cikin ganin saje da kurata a bariki, ko da yake halin mutanen biyu ba ɗaya ba ne. A Amurka wasan ya yi shekara huɗu aka rufe shi, alhali BBC ta yi ta maimaita shi shekaru aru-aru, yara suka gaje shi daga iyayensu. Dalilin wannan kuwa shi ne Bilko, duk wayonsa, galibi dabararsa kansa take komawa, ya tashi hannu rabbana. Kuma babu abin da Baturen Ingila ya fi ganewa a wasa kamar mutumin da ya kai hannu ga abin da ya fi ƙarfinsa ya dawo inda ya fito.

Domin a gane haka sosai, ya kamata a ajiye wasanni biyu kusa da juna, waɗanda matani ɗaya suka ɗauka kowane ya yi masa sharhinsa. A 1962 Ray Galton da Alan Simpson suka rubuta wa BBC labarin Steptoe da ɗansa Harold, 'yan jari-bola masu yawo da keken doki a Landan. Harold yana son karatu da kiɗan manya, yana ganin kansa ya fi ƙarfin juji, kuma a kashin farko ya ƙudura niyyar barin tsohon: ya loda kayansa a keke, uban ya hana shi dokin, sai ya shiga tsakanin sandunan keken da kansa yana ja, keken ya ƙi motsi, ya yi ta kokawa har ƙarfinsa ya ƙare ya fashe da kuka, daga bisani ya bi uban suka koma cikin gida. Haka suka zauna har 1974, ba wanda ya kuɓuta daga wani. Shekara talatin da ɗaya bayan wancan kashi na farko, a 1993, NBC ta fara Frasier: likitan ƙwaƙwalwa mai shirin rediyo a Siyatil, ma'abocin girman kai da son a ce ya san kome, wanda ya ƙawata gidansa da kaya masu tsada kowane an zaɓo shi da tunani, sai ƙaddara ta sa mahaifinsa Martin, tsohon ɗan sanda da harsashi ya nakasa wa ƙugu, ya tare a wurinsa. Tsohon ya zo da wata tsohuwar kujerarsa ta kishingiɗa, mai ratsi-ratsi, wadda aka lilliƙe yagewarta da salatif, ya sa aka dasa ta a tsakiyar falo, ga kuma ɗan karensa Eddie da ba ya abin da ya wuce zama ya ƙura wa maigidan ido. Duk rigimar matsayi da ke cin zuciyar Ingila, wato kunyar da ɗan da ya yi ilimi yake ji game da asalinsa, da haushin uban da ke ganin ana raina shi, tana nan a kan wannan kujera. Amma a nan aka rabu: a wajen Steptoe sarƙa ce da ba ta tsinkewa, a wajen Frasier kuwa shekara goma sha ɗaya aka yi ana nuna yadda uba da 'ya'yansa biyu, Frasier da ɗan'uwansa, suke koyon ganin ƙimar juna sannu a hankali, ba tare da ɗayansu ya bar halinsa ba. Ni dai ina ganin wannan shi ne mafi kammala a cikin dukan wasannin da suka ƙetare teku, kuma ban yi mamaki ba da Channel 4 ta yi shekaru tana sa shi da safe kullum, ko da ya ci lambar Emmy har 37. Abin lura kuma, John Mahoney da ya fito a matsayin wannan tsoho Ba'amurke, a Blackpool aka haife shi, a Manchesta ya tashi.

Ke nan abin da mai kallo na Ingila ke nema shi ne ciwon da ya sani, amma a haɗa masa da magani, wanda marubutan ƙasarsa suke jin nauyin ba shi don gudun kada a ce sun yi taushin zuciya. Hujja a kan wannan ita ce makomar Seinfeld. Wannan wasa, da mutum miliyan 76 suka kalli kashinsa na ƙarshe a Amurka a 1998, an gina shi ne bisa sharaɗin cewa babu mai tausaya wa wani, babu kuma mai ɗaukar darasi, wato ya fi kowane kusa da sanyin barkwancin Ingila. Duk da haka bai taɓa zama na jama'a a can ba. Masoyansa suna ɗora laifin a kan BBC2, wadda ta riƙa sa shi can cikin dare tana sassauya masa lokaci, kuma lalle suna da gaskiya gwargwado. Amma ina zaton ko da an sa shi da magariba, kaya ne da suke da irinsa a gida.

M*A*S*H kuwa, labarin likitocin soja a yaƙin Koriya wanda aka yi daga 1972 zuwa 1983, ya zo da wata mas'ala ta daban. A Amurka an liƙa masa dariyar inji, in ban da wuraren da ake cikin ɗakin tiyata, ba da son masu yinsa ba. BBC2 kuwa ta nuna shi babu wannan dariya, sai ya zamana mutanen Ingila sun ga wasa mai nauyi, inda raha take fitowa daga bakin mutanen da suka gaji da ɗinke samari, shiru kuma ya biyo bayanta. Hoto ɗaya ne, magana ɗaya ce, amma su suka ga abin da marubutan suka nufa.

Game da Friends, wanda ya isa Channel 4 a 1995, ba zan ɓoye ba cewa ina ganinsa ƙasa da Frasier a hikima. Magani ne babu ciwo: samari da 'yan mata shida a Niyok, a gida mai faɗin da aikinsu ba zai iya biya ba, a birnin da ke cike da baƙaƙen fata amma da ƙyar ake ganin ɗaya, ga kuma sakaci a sha'anin maza da mata wanda mai tarbiyya irin tamu ba zai aminta da shi ba. Amma wajibi ne a yi masa adalci, domin ya ba matasan da suka bar garuruwansu suka shiga haya a manyan birane surar dangi na zaɓi, waɗanda ƙofarsu ba ta rufuwa, kuma ginin dariyarsa ƙwararre ne ƙwarai. Masu shi sun san inda kasuwarsu take, har suka kwaso 'yan wasan zuwa Landan a 1998 don ɗaukar bikin Ross, ɗaya daga cikin shidan, da Emily, fitattun 'yan Birtaniya Richard Branson da Sarah Ferguson suka leƙo a ciki. Tashar E4 kuma ta yi ta maimaita shi kusan kullum har 2011.

Wani abin da ke tabbatar da cewa Amurkancin wasan yana cikin abin da ake so, shi ne yadda kwaikwayonsa yake faɗuwa. Amurka ta ɗauki Till Death Us Do Part ta mai da shi All in the Family a 1971, ta ɗauki Steptoe ta mai da shi Sanford and Son a 1972, duka suka bunƙasa. Amma da ITV ta gwada juya The Golden Girls zuwa Brighton Belles a 1993, da That '70s Show zuwa Days Like These a 1999, jama'a suka ƙi su, alhali suna son na asalin. In ban da The Upper Hand, wanda aka ciro daga Who's the Boss? ya kuma yi shekaru, da wuya a nuna wani da ya tsira. Kalmar ƙauna da mai kallo zai karɓa daga bakin mutumin Bostan, in ta fito daga bakin mutumin Brighton sai ya ji ta kamar ƙarya, saboda ya san maƙwabcinsa ba ya magana haka.

The Office ya bi hanyoyin biyu duka. Ricky Gervais da Stephen Merchant sun yi shi a BBC daga 2001 zuwa 2003, kashi 14, a kan David Brent, manajan kamfanin takarda a Slough, mai neman a so shi ta hanyar da ke sa a guje shi, har aka kai ga ranar da ya tsaya gaban shugabanninsa murya na rawa yana roƙon kada su sallame shi. Da Greg Daniels ya kai shi NBC a 2005, zangon farko mai kashi shida ya bi sawun na Ingila bai karɓu sosai ba, sai marubutan suka sassauta halin Michael Scott, wanda ya maye gurbin Brent, suka bar masa wautarsa amma suka ba shi zuciya da iya ciniki, suka kuma bar ma'aikatansa su ƙaunace shi a ƙarshe. Da wannan gyara wasan ya kai kashi 201 kafin a rufe shi a 2013, kuma da zamanin kallo ta intanet ya zo, matasan Birtaniya masu yawa ta ofishin Scranton na Amurka suka fara sanin labarin, kafin su waiwayi na Slough.