Jinjina ga Masu Bin Sawun Yaran da Aka Saki

A tsarin gidajen kason Nijar, an san Dakoro, cikin jihar Maraɗi, da cibiyar gyaran halin yara waɗanda suka saɓa wa doka. Tun 1999 ƙasar ta kafa kotunan yara na musamman, domin kada a auna yaro da ma'aunin babba. Sai dai babban aikin yana farawa ne ranar da aka buɗe wa yaro ƙofa, musamman wanda aka sake shi bisa sharaɗi.

A nan ne ma'aikatan jin daɗin jama'a suka cancanci yabo. Su ke zuwa gida su zauna da uban da ransa bai huce ba, su lallashe shi har ya yarda ɗansa ya komo. Su ke roƙon tela ko kafinta ya karɓi yaron a matsayin almajirin sana'a, sannan su leƙo shagon su tambaya: yana zuwa da wuri? Ya rabu da tsofaffin abokai? Abin da suka gani su rubuta, su kai wa alƙalin yara.

Wannan rubutu shi ke nuna wanda ya tsaya da ƙafarsa da wanda ya koma gidan jiya, da dalilin komawar: rashin sana'a, ƙwaya, ko ƙyamar dangi. Da shi hukuma za ta san inda gyara ya ci da inda ya gaza.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu wannan hidima sun cancanci abin hawa, kayan aiki, da goyon bayan malamai da masu unguwanni. Allah ya saka musu da alheri.