Jinjina ga masu zaman taimakon juna kan barin giya

A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu suka haɗu: Bill Wilson, mai harkar hannun jari, da Bob Smith, likitan fiɗa. Sun lura cewa idan mashayi ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiyar halinsa, ƙishin kwalba yakan lafa. Nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali.

Na jinjina wa masu wannan zama. Ba kuɗin shiga, ba a tambayar asalinka. Sharaɗin kawai kana son ka daina. Abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗakin yake kwana. Wanda ya shekara goma bai kurɓa ba yakan zauna kusa da sabon zuwa mai rawar hannu, ya ba shi lambar wayarsa, ya ce ya kira ko da tsakar dare ne. Nazarin cibiyar binciken lafiya ta Cochrane na 2020, da ya tattara bincike 27, ya nuna hanyar tana taimakawa wajen daina sha ɗungum.

A garuruwanmu irin su Gazawa, Agye da Gidan Rumji kuwa, gudun gori ke sa mashayi ɓoyewa har ciwon ya ci shi. Amma muna da fada, wato majalisar hira, da tabarma da butar shayi. Mutum uku masu riƙon amana sun isa su fara irin wannan zama. Sai dai wanda ya daɗe yana sha sosai ya soma da ganin likita, domin yankewa farat ɗaya kan jawo jijjiga mai haɗari.