Fartanya, Tauraro da Hanyar Makka

Duk mai son ya fahimci Hausar siyasa ta zamanin Sardauna, sai ya fara da kalmomi biyu, watau Salama da Sawaba. Salama ita ce gaisuwar jam'iyyar NPC, Sawaba kuwa ta NEPU ce, wadda aka kafa a Kano cikin 1950, daga baya Malam Aminu Kano ya shugabance ta. Dukansu daga Larabci aka aro su. Salama na ce wa talaka ya zauna lafiya bisa abin da ya gada, Sawaba na yi masa alkawarin sauƙi bayan wahala. Da yake yawancin masu jefa ƙuri'a ba su karatun boko, sai kowace jam'iyya ta ɗauki alama: NPC fartanya, NEPU tauraro.

To, amma alamar da ta fi waɗannan ƙarfi ba a kan akwatin zaɓe take ba. Ita ce hanyar Makka. Sir Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya yi aikin hajji a 1955, daga nan ya riƙa komawa akai-akai tare da sarakuna da malamai. A 1962 aka kafa ƙungiyar Rabiɗa ta Musulmin duniya a Makka, ya zama mataimakin shugabanta. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutumin da ya ga jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauko daga jirgi, ya dawo daga ganawa da sarakunan Musulmi, ba ya bukatar a karanta masa manufar jam'iyya. Haka kuma ya zama da sauƙi a zargi NEPU da haɗa kai da NCNC ta mutanen Kudu.

'Yan NEPU ba su bar wa abokan hamayya filin addini ba. Suka ce ai Shehu zalunci ya yaƙa, su ne masu bin sawunsa. Hujja ce mai kyau, sai dai hujja tana bukatar mai saurare, hoto kuwa kallo ɗaya ya isa. A zaɓen 1959 NPC ta ci kujeru 134, NEPU 8, ko da yake ikon En'e da kotunan alkalai su ma sun yi nasu aiki.

Aibin wannan hoto shi ne abin da ya bari a waje. A Makka akwai unguwar Tandabawi, inda Hausawa da yawa suka zauna. Kakanninsu sun bi ta Barno da Cadi da Sudan, a ƙafa ko kan jaki, suna ƙwadago a hanya shekara da shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya. Su ake kira Takari. Gaskiya ne gwamnatin Sardauna ta kula da alhazai, har aka aika Malam Abubakar Gumi Jidda a 1957 don hidimarsu. Duk da haka hajjin da siyasa ta yi ado da shi na jirgin sama ne da alkyabba, ba na mai fartanya ba.

Saboda haka ɗalibin Hausa ya lura da kalmomin nan biyu, Alhaji da Takari. Ɗaki ɗaya suka kewaya, amma ɗaya ta zama lakabin girma, ɗaya kuwa sau da yawa da raini ake faɗarta.